Wai Hausar da ta sha a nono za ta je jami'a karantawa?

1/ Zare ne mai tsawo, mai sauri ya wuce abinsa. Daren jiya a Kudan saura ƙiris mu ɓata da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, a kan takardar admishan. 'Yarsa ta samu gurbi a jami'a, sashen harsuna, za ta karanci kimiyyar harshe da adabi. Ya ce ba inda za ta.

2/ Shekara biyu yarinyar nan tana zana JAMB tana neman kwas ɗin jinya, ba ta samu ba. Bana aka ba ta wannan. Shi ya gwammace ta sake zama a gida shekara ta uku. Hujjarsa: "Hausar da ta sha a nono ce zan sayar da rakena in biya a koya mata?"

3/ 'Yan majalisa suka kwashe da dariya. Wani ya ce in Hausa ce a kawo ta wurinsa, shi zai ba ta digirin kyauta. Wani ya ce ai kwas ɗin waɗanda aka rasa inda za a kai su ne. Duk cikinsu ba wanda ya taɓa leƙa ajin. Ni ma ban karanci fannin ba, amma na zauna da masu shi.

4/ Na ce masa: Yaya, kai ma da jini a jikinka aka haife ka. Don me ba ka zama likitan jini ba? Shekara 30 kana noma a fadama, me ya sa in taki ya ƙi kama maka kake neman malamin gona? Iya amfani da abu daban, sanin yadda yake aiki daban.

5/ Ga gwaji, ku ma ku yi. "Kuka" na yaro, "kuka" ta miya, da "kuka" ta "me kuka ce". Rubutu ɗaya, kalma uku. Bakinka ya san bambancin. To bayyana mini shi. Majalisar nan kaf aka rasa mai amsa, sai "ai daban suke". Mun sani daban suke, ta ina?

6/ Amsar ita ce tsawon wasali da karin sauti, wato hawa da saukar murya. Hausa da su take rarrabe ma'ana, amma rubutunmu na boko ba ya nuna ko ɗaya. Gari na mutane da gari na tuwo haka suke. Shi ya sa yaro ɗan aji biyu ke tuntuɓe a karatu, malaminsa ya ce daƙiƙi ne.

7/ Wani kuma. Saya, sayar, sayo, saye, sayu. Saiwa ɗaya, ka sauya ƙarshenta ma'ana ta juya: ka karɓa, ka rabu da shi, ka kawo nan, ka kwashe duka, abin ya yiwu. Haka kusan kowane aikatau na Hausa yake tafiya, bisa ƙa'ida, ba da ka ba.

8/ Wanda ya zauna ya tsara wannan zuwa giredi 7 wani Bature ne, F. W. Parsons na makarantar SOAS ta Landan, a 1960. Har yau da tsarinsa ake koyarwa a Zariya da Kano da Sakkwato. Mu da muka sha a nono muna ina lokacin? Muna majalisa muna cewa ba abin karantawa a ciki.

9/ Abin da ke ci mini rai kenan. Ka ɗauko tarihin nazarin Hausa ka ga sunayen. Schön ya fitar da nahawu a 1862, ƙamus a 1876. Labaran da ya buga a Magana Hausa a 1885, da yawansu daga bakin Dorugu ya rubuta, yaron da Barth ya tafi da shi Ingila a 1855.

10/ Ka'idojin rubutun boko na farko Hanns Vischer ne, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya shimfiɗa a 1912. Bargery ya yi shekaru yana bin garuruwa yana tattara kalmomi, ƙamusunsa ya fito a 1934 da kalmomi wajen dubu 39. Har gobe in an yi gardama a kan kalma, can ake komawa.

11/ Abraham ya yi nasa ƙamusun a 1949. Babban littafin nahawun Hausa da ake ji da shi a duniya na Paul Newman ne, Ba'amurke, 2000. Shekara ɗaya bayansa Philip Jaggar ya fitar da nasa. Ba na jin haushinsu ko kaɗan, sun yi aiki. Kunyar tamu ce.

12/ Kuma kar wani ya ce namu ba su yi ba. M. K. M. Galadanci ya rubuta nahawu a 1976. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirin digirgir a kan waƙar baka, Shata ne ginshiƙin nazarinsa. Ibrahim Yaro Yahaya ya ba mu Hausa a Rubuce a 1988. Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun Hausa zuwa Hausa a 2006.

13/ Waɗannan mutanen duk sai da wani a garinsu ya yi musu irin dariyar da aka yi wa 'yarmu jiya. Ina da yaƙinin haka, don dariyar tsohuwa ce.

14/ Bari in kawo abin gida. Ɗan Zazzau ya ce "mota ne" ko "rigan nan", Bakano ya yi masa dariya wai bai iya Hausa ba. Yaranmu su je makaranta a ja musu jan biro, su dawo suna jin kunyar bakin iyayensu. Alhali karin harshe ne mai tsarinsa, ya sassauta bambancin jinsi ne kawai.

15/ Basakkwace ya ce zamna, sabro, abduga. Mu mu ce zauna, sauro, auduga. Wa ya yi kuskure? Ba kowa. Nasu ne tsohon furuci, namu ne ya sauya, kuma sauyin yana da doka. Wani Bajamushe, Klingenheben, ya gano ta tun ƙarshen shekarun 1920, har yau da sunansa ake kiranta.

16/ Malamin firamare da ya san wannan ba zai zane yaro a kan harshen uwarsa ba. Zai ce masa: wannan na gida ne, daidai ne, ga kuma daidaitacciyar Hausa ta rubutu. Wanda bai sani ba sai bulala. Ku tambayi kanku irin wanne ya fi yawa daga Hunkuyi zuwa Likoro.

17/ Raken da Yaya ke taƙama da shi ma, masana na danganta sunansa da "ireke" ta Yarbanci, kamar agogo da ashana da keke. Kasuwar da yake kai shi Makarfi, kalmar ta Barebari ta biyo ta iso mu. Takarda da raƙumi daga Abzinawa. Sukari daga Larabci.

18/ Wato a jimla ɗaya ta ɗan kasuwar rake akwai tarihin fataucin da ba a rubuta a littafi ba: wa muka yi ciniki da shi, ta wace hanya, me ya kawo mana. Da na faɗa masa haka sai ya ce "to sai me?" Zan zo kan "sai me", ban manta ba.

19/ Joseph Greenberg ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939. Shi ne daga baya ya tsara dangantakar harsunan Afirka, ya tabbatar da Hausa cikin dangin Cadi tare da Bolanci, Ngizim, Bade, Angas, Margi da wasu sama da 100, dangin da ke da kaka ɗaya da Larabci da Ibrananci da harshen Misira ta dā.

20/ Kuma kimiyyar harshe ba Hausa kaɗai ba ce, wannan ma majalisa ba ta sani ba. Nijeriya na da harsuna sama da 500. Jihar Kaduna kaɗai tana da gommai. Da yawansu Hausa ce ke haɗiye su, jikoki ba sa jin yaren kakanni. In tsohuwar ƙarshe ta rasu ba a naɗi muryarta ba, shi kenan.

21/ Yanzu adabi. A nan ne aka fi yi mata dariya: wai za ta je karanta tatsuniya. To bari mu ɗauki Magana Jari Ce, wanda kowa a majalisar ya yi iƙirarin ya karanta. Na tambaye su daga ina Abubakar Imam ya samo labaransa. Suka ce daga kansa mana.

22/ A nan Zariya ya zauna ya rubuta shi, aka buga tsakanin 1937 da 1939, littafi uku. Rupert East na Hukumar Talifi ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe. Ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, daga wasu wurare da dama.

23/ Shi kansa akun da ke riƙe ɗan sarki da labari dare bayan dare don kar ya fita, yana da ɗan'uwa a tsohon adabin Indiya da na Farisa, inda aku ke hana matar maigidansa fita da irin wannan dabarar. Ruwan Bagaja kuwa akwai ƙamshin Maƙamatul Hariri a jikinsa.

24/ Wani zai ce au, ashe kwafa ya yi. A'a. Nan ne fa karatun yake. Ka ajiye na asalin a dama, na Imam a hagu, ka ga me ya cire, me ya ƙara, ina ya sa fada da waziri da ɗan kama, ina ya sa habaicin da Bahaushe kaɗai zai gane. Abin da ake kira nazarin kwatanta adabi kenan.

25/ Farfesa Ibrahim Malumfashi ya yi shekaru yana bin diddigin tushen labaran nan. Wanda ya bi irin wannan aikin ba ya raina Imam, ƙara girmama shi yake yi, don sai a lokacin yake ganin gwanintar ɗinkin. Wanda bai bi ba, yabo kawai ya iya, bai san me yake yabawa ba.

26/ Gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja ita ta haifar da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, Firayim Minista. Hiskett ya mayar da shi Turanci a 1967, aka yi fim ɗinsa a 1976. Wai "tatsuniya".

27/ Kuma hanyar ba ɗaya ba ce. Bala Abdullahi Funtuwa ya kawo mana littafin Orwell a matsayin Gandun Dabbobi. Ibrahim Yaro Yahaya ya juya wasan Shakespeare zuwa Daren Sha Biyu. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, Aliyu Kamal ya fassara, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012.

28/ Ku duba abin dariya. Shekara da shekaru muna kallon finafinan Indiya, suna shiga littattafan soyayyarmu da Kannywood, Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin suna rubutu a kai. Sai ga Indiyawa suna karanta matar Kano. Wa zai yi bayanin wannan zirga-zirgar in ba wanda ya karanci fannin ba?

29/ Ga masu cewa ilimin boko ne marar tushe a addini: haba malam. Me ake yi da Ajurrumiyya da Alfiyyar Ibn Malik a zaurukan Zariya? Nahawu ne, nazarin harshe ne. Larabawa ma a nono suka sha Larabci, amma Khalil bn Ahmad ya zauna ya tsara ƙamus da ilimin aruli.

30/ Ɗalibinsa Sibawaihi, wanda littafinsa ya zama uban nahawun Larabci, mutumin Farisa ne. A nan gida Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu. Nana Asma'u da harshe uku take waƙa, Larabci da Fulatanci da Hausa, tana juya wata zuwa wata.

31/ Don me take juyawa? Don matan karkara su ji da harshen da suke mafarki da shi. Rubutattun waƙoƙinmu kuma a kan ma'aunan arulin Larabci akasari suka hau, Galadanci ya yi nazarin haka. Ba za ka gane Imfirajin Aliyu Namangi sosai ba in ba ka san inda karinta ya fito ba.

32/ To mu zo kan "sai me". Yaya ba wawa ba ne, kuma ba zan yi masa rashin adalci don yana nesa da waya ba. Tambayarsa ta gaskiya ita ce: in ta gama, wa zai ɗauke ta aiki? Mutumin da ke jiran kuɗin rake da mazarƙwaila shekara-shekara yana da ikon tambayar wannan.

33/ Ba zan yi masa ƙarya ba: ba tabbas. Amma ina kwas ɗin da ke da tabbas a ƙasar nan yau? A unguwarmu kaɗai na san masu digirin kimiyya da ke cajin waya da POS. In rashin aiki ne hujja, sai a rufe jami'ar gaba ɗaya, ba sashen harsuna kaɗai ba.

34/ Abin da na sani shi ne ƙofofin suna nan. BBC na watsa shiri da Hausa tun 1957, RFI tun 2007, ga Jamus, ga Sin, ga tashoshin FM da suka cika Zariya da Kano da Kaduna. Ana koyar da Hausa a Hambug da Waso da Beijin. Duk mutane ne ke wannan aikin, ana biyansu.

35/ Kotu fa? Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Wa ke yin tafintan? Sau da yawa duk wanda aka gani a kusa. Kalma ɗaya ta karkace tsakanin "na karɓa" da "na ƙwace", mutum ya kwana a gidan yari.

36/ Asibiti ya fi ban tsoro. Na taɓa raka wata gwaggona wani asibiti, likitan ba ya jin Hausa sosai. Ta ce "zuciyata ke tashi". Mai fassarar ya gaya masa zuciyarta na bugawa da ƙarfi. Tashin zuciya fa take nufi, amai take ji. Da ban tsoma baki ba, gwajin zuciya za a tura mu.

37/ Mai fassarar nan Bahaushe ne, a nono ya sha shi ma. Turancinsa kuma ba laifi. Abin da ya rasa shi ne horon da zai sa ya tsaya ya ce: wannan magana ce ta azanci, ba a ɗaukarta kalma da kalma. Irin horon da ake cewa ɓata kuɗin rake ne.

38/ Sai wayar da kuke karanta wannan zaren da ita. Google ya sa Hausa a manhajar fassararsa a ƙarshen 2013, kowa ya ga irin kwaɗon da take yi wani lokaci. Na'ura ba ta sha nono ba. Sai an tara mata rubutu, an tantance, an yi masa alama jimla-jimla kafin ta koya.

39/ Su Shamsuddeen Hassan Muhammad na Bayero da Idris Abdulmumin da abokansu sun yi irin wannan a aikin NaijaSenti a 2022: dubban saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Burokan, aka rarrabe na yabo da na suka. Mai kwamfuta shi kaɗai ba zai iya ba, sai da mai sanin harshe.

40/ Don in Bahaushiya ta ce "sannu da ƙoƙari", yabo ne ko baƙar magana? Sai ka san wa ta gaya wa, bayan me. Kamfanonin duniya yau suna neman masu wannan sanin. In ba mu horar da namu ba, za a yi aikin duk da haka, sai dai a yi shi a karkace, mu kuma mu dawo nan muna ƙorafi.

41/ Ga wanda ya fi duka girma. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 aka soke, aka koma Turanci. Mun yi ta hayaniya a nan. Amma tsakani da Allah, da an bar tsarin, ina malaman? Ina littattafan lissafi da kimiyya da Hausa?

42/ Babs Fafunwa ya gwada a Ile-Ife daga 1970 da Yarbanci, yaran suka yi kyau, har a Turancin ba su gaza ba. Amma sai da aka zauna aka ƙirƙiri kalmomi, aka rubuta littattafai, aka horar da malamai. Ba za mu hana 'ya'yanmu karanta harshe ba, sannan mu yi kukan ba a koyarwa da shi.

43/ Kowace 26 ga Agusta mu sha rawani da lalle, mu cika intanet da Ranar Hausa, mu jera karin magana. Washegari 'yarka ta samu gurbin karanta Hausar ka ce kaico. Wannan son na hoto ne.

44/ Yanzu in juyo kan sassan harsunan su kansu, ba zan kama suna ba. Ku ma kuna da kaso a rainin nan. Ɗalibi ya shekara huɗu bai taɓa fita da na'urar naɗar murya zuwa ƙauye ba. Furojet ɗin bana kwafin na bara ne, an canza sunan mawaƙi kawai: jigo da salo, jigo da salo.

45/ Hausa a wani gini, Larabci a wani, Turanci da Faransanci a wani, ba mai gaishe da wani. Ta yaya za a kwatanta Imam da Hariri in mai Hausa ba ya karanta Larabci, mai Larabci kuma yana ganin Hausa ba ilimi ba ce? Maraɗi da Damagaram na nan kusa, ɗalibanmu nawa ke iya karanta abin da aka rubuta can da Faransanci?

46/ Tun 1968 Ngugi wa Thiong'o da abokansa biyu a Jami'ar Nairobi suka nemi a rushe sashen Turanci a gina na adabi wanda Afirka ce cibiyarsa. Mu har yanzu yaron da ya fi kowa maki ba ya zaɓar harsuna, turo mana shi ake yi in wani wuri ya cika. Sai ya shigo da fushi, ya fita da fushi.

47/ Wannan duk gaskiya ne, kuma na gaya wa yarinyar. Na ce kar ki dogara da lakca kaɗai. Ki riƙe Larabcin islamiyyarki, ki ƙara Faransanci, ki koyi kwamfuta. Hutu in ya zo ki ɗauki waya ki naɗi waƙoƙin niƙa da na daɓe a bakin kakarki, don ba kowa ya saura da su ba.

48/ Na tambaye ta ke kina so kuwa, ko don kin gaji da zama ne? Ta ce "Baffa, da farko don na gaji ne. Amma tun da na ga jerin darussan nake tambayar kaina me ya sa muke cewa gida gidaje, amma ba ma cewa doki dokaje." Na ce to je ki, can za a gaya miki, ni ban sani ba.

49/ Da safen nan na koma wurin Yaya, ba a majalisa ba, mu biyu a zaure. Bai ce na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce shi dai ba zai sa kuɗin rakensa ba, amma ba zai hana ta ba in wani ya ɗauki nauyi. Na ce na ɗauki na rajista da na shekarar farko.

50/ Na shekara ta biyu ban san inda zai fito ba tukuna. Ranar Litinin zan kai ta ta fara rajista. In akwai wadda ta gama wannan sashen kuma tana da littafin nahawun Galadanci ko Hausa a Rubuce da ba ta amfani da su, don Allah ta yi mini magana ta akwatin saƙo, zan zo in karɓa da kaina.